Ranar da Na Kai Baba Lilon Sama

Tsibiri zuwa Jiratawa

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Juma'a na bar gidana a Tsibiri, na bar wa maigida yara. Motar Hiyas ta 'yan kasuwa na shiga, dala talatin zuwa Maradi, kilomita goma sha biyu, ni da buhunan gero da wata akuya marar kunya da ta ci mini bakin gyale. A shingen jandarma muka ɓata minti ashirin, wai takardar direba ta tsufa. Daga tasha na hau kabu-kabu, takwas saura na isa Jiratawa.

Mahaifina na je ɗauka. Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce kafin damina sai dai a ja shi. Da rana tsaka yana gani, amma da rana ta yi sanyi komai sai ya zama masa hayaƙi. Tun da ya ji a rediyo wani wurin wasa na Maradi zai yi bikin cika shekara biyar, shiga kyauta, ya kafe sai ya hau babban lilon da ke kai mutum sama, ya hango garkarsa ta tattasai a bakin Gulbi. Na same shi ya sha babbar riga tun kafin karin kumallo.

Maradi

Sha ɗaya muka sauka gidan Gwaggo a unguwar Zariya, ta dama mana fura mai sanyi. Ta ce mu haƙura, Juma'a ce kuma ranar kasuwa. Baba ya yi kamar bai ji ba.

Gwaggo ta fi mu gaskiya. Rediyo ya ce za a buɗe bayan sallar Juma'a, don haka kowane masallaci ya juye mutanensa wuri ɗaya, ga 'yan kasuwar ƙauye a kai. Ƙofa kuwa ɗaya tak, an ɗaure ta da jan ƙyalle, sai manya sun zo sun yanka.

Lokacin jam'iyyu sun yi yawa, Alhajin da ke da wurin ya ji tsoron ɓata wa wani, sai ya gayyato manya uku daga jam'iyya uku. To, a ganinsu duk wanda ya fara isowa shi ne ƙarami. Kowanne ya laɓe cikin motarsa a bayan lungu, yana aiko direba ya leƙa ko sauran sun zo. Da idona na ga direbobin uku sun haɗu, sun gaisa, kowa ya koma.

Biyu ta yi, huɗu ta yi. Turereniya ta ɓarke, takalma suka rabu da masu su, mai lasifika yana ta kiran a ja baya, alhali bayan ma mutane ne. Na jingina Baba da bango na tare shi da jikina. Ni rana kawai nake kallo, raina yana ɓaci.

Shida saura kwata wani mai kilishi ya gaji, ya zaro wuƙarsa ya tsinke ƙyallen. Aka yi guɗa, aka kwarara ciki. Ba layi, ba mai tsarawa. Ni da ba na ɗaga murya a gaban maza, ranar na yi wa mai lilon tsawa har ya ce, "Hajiya, ku hau, don Allah ku hau."

Shida da minti ashirin muka kai ƙololuwa, rana ta yi ja. Baba ya miƙa hannu.

"Ɗiyata, ga ta can! Kin ga koren?"

Arewa yake nunawa, rufin kwanon gidajen mutane. Jiratawa tana bayanmu. Hawaye suka zo mini.

"Ita ce, Baba," na ce.

Komawa

Taksi muka yi shata zuwa Jiratawa, na kwana can, washegari ƙarfe tara ina Tsibiri. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, da Gwaggo, da mai kilishin da ban san sunansa ba. Manyan nan uku kuwa ban yafe musu awa huɗun nan ba. Idon Baba ya rufe kafin ruwan farko. Har ya rasu, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin koren garkarsa daga sama, ya ce a tambaye ni.