Tambayar da Hamma Yusufa ya yi mini a bakin rumfa

Ni ne ban kyauta ba. Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Yusufa, sai yanzu na iya faɗin haka a fili.

Kwanuka da tukwane yake sayarwa a kasuwar Garwa. Bai taɓa shiga lekol ba, wato makarantar boko, allo ya yi. Ni ne aka sa boko a gidanmu, na ɗan taɓa lise, wato sakandare, na bari. Yana da Hausa da Fulatanci da Faransancin kasuwa, amma da matan sojoji 'yan wajen Bamenda, masu jin Ingilishi, suka fara zuwa rumfarsa, sai ya ɗaura niyyar koyon Ingilishi da furfurarsa. In ba ciniki, ya ɗauki kaya ɗaya-ɗaya yana kiran sunansu.

Wata la'asar, abokansa na zaune ana shan shayi, ya ɗaga murfin tukunya ya ce, "Kai ɗan lekol, warware mini. A Ingilishi, in hular Musa ce, sai su maƙala wata 'yar alama a jikin sunan Musa. In murfin tukunya ne ko ƙafar tebur, sai su jera sunayen biyu kawai. Me ya raba su?"

Ban sani ba. A aji barci nake yi lokacin Ingilishi. Amma maimakon in ce ban sani ba, sai na ce, "Hamma, tukunyar ce za ta yi maka jarrabawa? Ka bar wa yara, harshenka ya riga ya bushe."

Aka yi dariya har wani ya zubar da shayi. Shi ma ya murmusa, ya mayar da murfin a hankali. Ƙane ya mayar da wansa abin dariya gaban tsaransa. Daga ranar ban sake jin kalmar Ingilishi a bakinsa ba.

Yau ko yaro ya tambayi waya sai ta amsa masa, ba ta yi masa ba'a. Nakan ce da Hamma yana raye, da ya gajiyar da ita da tambaya, ya huta da irina.

'Yarsa Hadiza yanzu Ingilishi take koyarwa a Yagwa. Da ta zo hutun bana, na dake na yi mata tambayar nan tasa. Ta yi bayani a taƙaice, sannan ta tsaya tana kallona.

"Baffa, ai Baba ya taɓa tambayata wannan ina lise. Har ya rasu yana koyo a wurina. Sai dai kullum sai ya tura ƙofa ya rage murya, wai kada a ji."

Naci irin nasa bai mutu ba, ga shi zaune gabana ya zama malama. Abin da na ƙara masa kawai shi ne ƙofar nan.

Na ce, "Hadiza, saboda ni yake turawa. Ranar da ya tambaye ni ban san amsar ba, sai na sa aka yi masa dariya. Shi ya tafi ban roƙe shi ba. Ke ce kika rage mini, ki yafe mini."