Gafiyata da Irin Dawar Maƙwabcinmu

Da ana iya goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da na goge ranar da na ɗauki gafiyata na bi yaran dagaci.

Ina saurayi a Saulawa, lokacin babban yaƙin Turawa, na kama ta tana ƙarama, na raine ta cikin tsohuwar randa. Ban san abin da ke gudana a ƙwaƙwalwarta ba, amma duk abin da ta shaƙa sai in gan shi a jikinta. In gyaɗa ce, gashin bakinta ya kama rawa. In dawa ce, ta tsaya cik, kunnuwa a miƙe, sai can ta fara tono. Da wannan nake burge samari a dandali.

A shekarar aka ce kowane gida ya ba da hatsi a kai wa masu haƙar kuza. Damina ba ta yi kyau ba, mutane suka riƙa binne ɗan abin da ya rage, yaran dagaci kuma suna bin gidaje suna bincike. Babban yaron dagaci ya tare ni a hanya.

"Sarkin Gafiya, an ce 'yarka ta fi mu hanci. Ko dai cika baki ne?"

Ba wanda ya tilasta ni. Zancen cika bakin nan ne ya ɗebe ni.

Muka shiga gidan maƙwabcinmu, dattijon da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Rumbunsa wayam. Ashe ya binne tulun dawa ƙarƙashin turken awaki don zarni ya rufe ƙanshin. Gafiyar ta zagaya, ta tsaya cik. Ni kaɗai na san ma'anar tsayuwar. Da na ja igiyarta mun wuce, ba mai ganewa. Sai na ce, "Ku tona nan."

Tsohon ya dube ni. "Ɗana, iri ne fa. Ba na ci ba ne."

"Baba, iri ma ai hatsi ne," in ji yaron dagaci, yana dariya.

Suka tone tulun suka tafi da shi. Ruwa ya sauka, gonarsa ba shuka. Ya bi gida-gida neman iri, kowa nasa bai ishe shi ba. Kafin kaka ya kwashi iyalinsa ya koma wajen dangi a garin Kudan, can ya rasu. Kunya ta hana ni zuwa neman gafararsa har lokaci ya ƙure.

Ku masu karatu, in kun gano abin da wani ya ɓoye don ya rayu da 'ya'yansa, don Allah ku kama bakinku. Kada ku yi yadda na yi.