Kwamfutar da Yaya Lawal Ya Bari a Kusurwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawal, mai shagon buga takardu a unguwar Yara, nan Keffi. Har yau ban ga irinsa ba. Kafin ya sa wa kwamfuta manhaja, sai ya karanta lasisinta daga farko har ƙarshe, alhali mu "na yarda" kawai muke dannawa mu wuce.

Rigimarmu da shi a kan fuskar kwamfuta ce, wato tagogi da maɓallan da mutum ke gani in ya kunna ta. Biyu ne a gabanmu. Ɗaya lasisinta ya ba kowa damar dubawa da gyarawa da rabawa, amma takan sandare ba sallama. Ɗayar ba ta ba da ciwon kai, sai dai masu ita sun ɗaure ta da sharuɗɗa. Yaya ya kafe a kan ta farko. Ni kuwa, da nake zama da masu kawo aiki, haushi kamar ya kashe ni.

Sai ranar da Malama Talatu, wata malamar firamare daga Panda, ta kawo kundin kammala digirinta, saura kwana biyu ta miƙa. Kwamfuta ta sandare, babi uku suka tafi. Ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a benci ta riƙe kai. Yaya ya karɓi rubutun hannunta ya sake bugawa da kansa, ta miƙa a kan lokaci. Washegari ya sauya wa duk kwamfutocin shagon fuska zuwa ta biyun, ban da tsohuwar tasa da ke kusurwa.

"Aƙidar tawa ce, Habu," in ji shi, "amma aikin nata ne."

Na sha yi masa tsiya kan wannan tsohuwa. Sai bayan rasuwarsa na kunna ta, na tarar da saƙonninsa a ciki. Ashe duk sandarewar da ta yi, sai ya rubuta wa masu gyaran manhajar yadda abin ya faru, dalla-dalla. Ashe kuma yana cikin masu mayar da ita Hausa, ba wanda ya biya shi, ba wanda ya sani.

Yau fuskar nan da ya kafe a kanta ce a kan kowace kwamfuta a shagon, kuma na manta rabon da ta sandare. Me zai ce da ya gani? Ina jin murmushi kawai zai yi, ya tambaye ni ko na karanta lasisin.

Makon jiya wani ɗalibi zai rufe aikinsa, sai saƙo ya fito a allo, ya karanta a fili: "Dakata tukuna, ba ka adana aikinka ba." Haka Yaya ke ce wa duk wanda ya zauna a kujerar nan. Allah Ya jiƙansa. Sai da na fita waje na share ido.