Mugun da Kaka Ta Ɓoye

Akwai wani tela da ya kama rumfa kusa da tawa a nan Talata Mafara, inda nake gyaran waya. Duk sanda ya ajiye almakashi a kan teburin keke, ƙarar nan ta ƙarfe da katako takan sa in ɗago kai ko da ina tsakiyar aiki. Haka Baba Ƙarami yake ajiye nasa idan saƙo ya shigo wayarsa. Bari in ba ka labarinsa da na abin da na yi masa, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ƙanen babana ne, shi ne autan Kaka. Shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, saboda haka bai yi noma ba kamar sauran mazan gidanmu. A zaure yake ɗinki, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Gidan Goga cikin ƙasar Maradun. Zauren kullum ƙamshin man keke yake yi da na sabon yadi. A nan da dakalin ƙofar gida ne kaɗai ake samun sabis, a zauren ma sai an ɗora wayar a kan taga.

Shekarar da na cika sha uku ya buɗe wani guruf a waya, ya sa a ciki wani wasa da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ƙirƙiro wani gari mai ganuwa da rijiyoyi bakwai. Duk wanda ya shiga sai ya zaɓi abin da zai zama: wani sarkin yaƙi, wani boka, wani farke, wani maƙeri. Baba Ƙarami yakan rubuta abin da ya faru a garin, kowa ya rubuta abin da zai yi, shi kuma ya yanke yadda abin ya kaya. Mun kai goma sha biyar, daga Bakura, daga Damri, daga Mafara, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Ni maharbi na zaɓa. Da tsohuwar wayar yayana mai maɓalli nake yi, wadda ya bari da ya tafi ci-rani. Bayan la'asar ake farawa, kiran magariba ake tashi.

Tun ranar farko aka gaya mana akwai mugu a garin, kuma shi muka zo nema. Amma ba a nuna mana shi ba. Mako na farko karnukan garin ne suka daina haushi. Mako na uku aka tarar an yanke igiyar guga a rijiya ɗaya. Sai da aka yi wata guda sannan dokin sarkin yaƙi ya kwanta bai tashi ba. Kullum muna fita sintiri, mu dawo hannu wofi, mu sauka gidan wani tsoho mai masauki, ya dama mana fura, ya tambaye mu gajiya, ya yi mana addu'a.

Abin da 'yan guruf ba su sani ba shi ne, ba Baba Ƙarami kaɗai ke tuƙa labarin ba. Kaka ce ke riƙe da mugun. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, waya kuwa ko taɓa ta ba ta so. Amma da azahar takan jawo tabarma bakin ƙofar zaure ta cikin gida da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, shi kuma ya karanta mata abin da yara suka rubuta jiya. Na taɓa tsokanar ta na ce ai ita ta hana mu tatsuniya da rana.

Ta ce, "Wanga ba tatsuniya ba ta, maigida. Shawara nika ba shi."

Maigida take kirana, ni kuma in ce mata amarya, kamar yadda jika da kaka suka saba.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Gero ya kai ƙugu, ya wuce kai. Kwaɗi suka cika tafkin bayan gari. Har yanzu ba mu ga mugu ba. Yaran Mafara suka fara gunaguni. Su sun saba da wasannin Turawa a shagunan gari, inda duk matakin da ka hau akwai ƙaton da za ka kashe kafin ka wuce. Ɗaya ya rubuta cewa telan nan ba shi da wani mugu, ɓata mana data kawai yake yi. Wani ya ce abin ƙauye ai sai a hankali. Aka yi ta dariya. Ni abin ya fi ci wa rai, domin sun san gida ɗaya muke da shi, sun mai da ni abin tsokana.

Wata azahar ina kwance bayan buhunan da ke lungun zauren, an ɗauka barci nake, na ji Baba Ƙarami ya ce, "Inna, yaran sun ƙosa. Ko in hiddo shi?"

Ta ce, "Su ƙosa mana. Kak ka hiddo shi yanzu. In sunka gan shi sun daina tsoro nai. Bari su ƙara shan hura tai, su saba da shi awa kakansu. Ran da sunka gane wa ad dama musu, ran nan za su san an yi musu abu."

Mai masauki! Na kwana biyu da maganar a cikina kamar na haɗiyi garwashi. Rana ta uku yaron Mafaran nan ya sake cewa ɗan ƙauye ya tambayo mana babansa yaushe za a gama shiririta. Ban tsaya tunani ba. Ban ma rubuta da bakin maharbi ba, da bakina na rubuta: "Mai masauki ne mugun. Da kunnena na ji."

Zaune nake a dakalin ƙofar gida, shi yana cikin zaure, taku biyar tsakaninmu. Na ji keken ya tsaya.

Cikin ɗan lokaci guruf ya hargitse. Kowa ya zare makami ya nufi gidan tsohon. Ba wanda ya tambayi dalili, ba wanda ya jira hujja. Can sai ga layi uku daga Baba Ƙarami: sun shiga, sun sami tsohon yana dama fura, sun kashe shi, gari ya zauna lafiya. Shi ke nan. Aikin wata huɗu. Wasu suka turo alamar dariya, wasu suka ce ashe abin bai taka kara ya karya ba. Kafin mako ya zagayo rabinsu sun fita. Ba wanda ya yaba mini, har shi wanda na yi don in burge shi.

Da ya fito alwalar magariba yana dogara sandarsa, ya tsaya a kaina. Na zaci duka ko faɗa. Cewa kawai ya yi, "Kai ka rubuta wanga?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To." Ya wuce masallaci.

Kaka kuwa daga ranar sunana na yanka take kira, kamar baƙo. Tabarmar azahar ta koma gindin dalbejiya a tsakar gida. Zaure ya koma wurin ɗinki kawai.

Ban ba shi haƙuri ba. Wannan nake so ka riƙe. Girman kan yarinta ya hana ni, kuma na ɗauka akwai lokaci. Na ji ya gaya wa babana zai sake buɗe wani wasan bayan girbi, sai na ce a raina in an buɗe zan zama mai ladabi, ya gane da kansa. Girbin ya zo ya wuce bai buɗe ba. Na gaba ma haka. A lokacin hankalin kowa ya fara tashi. Ana sace shanu a rugage, ana tare hanyar kasuwa, ana aiko wa ƙauyuka saƙo.

Mu da hantsi 'yan bindiga suka zo mana, a kan babura, ana cikin sussukar gero. Babana ya goya Kaka, mata suka kwashi yara, aka yi cikin karan dawa. Ni na shiga zaure na kama hannun Baba Ƙarami ina ja. Ya fizge. Ya ce, "Tahi! In ka tsaya mu biyu za a rasa." Na tafi. Kwana biyu bayan haka manya suka koma suka binne shi tare da mutum shida. Zauren sun cinna masa wuta, keken ya zama baƙin ƙarfe.

A nan Mafara muka yada zango, a wani kango da wani bawan Allah ya ba mu aro. Kaka ta yi shekara biyu a ciki tana kallon bango. Jikoki ƙanana sukan roƙe ta tatsuniya, ta ce ta manta. Kullum ina zama kusa da ita in ba ta magani, amma ban taɓa iya tayar da zancen wasan ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu wayoyin da ake kawo mini gyara cike suke da wasanni. Ina kallon yara suna yi a bencin rumfata. Mugu yana bayyana tun minti na farko da ƙaho da jajayen idanu, a harbe shi, wani ya fito. Mako-mako ake turo musu sabo. Ban taɓa ganin yaro ɗaya ya ji tsoro ba, ban kuma ga wanda ya tuna na makon jiya ba. Ba na ganin laifinsu. Yaran da suka taso suna jin ƙarar babur su ruga, wa zai ce musu su zauna wata huɗu suna jiran mugu?

Bara wani magidanci daga Damri ya kawo waya gilashinta ya fashe. Muka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ya muka ji da zaman ɗar-ɗar. Da ya ji sunan ƙauyenmu sai ya tambaye ni ko na san wani tela mai ciwon ƙafa. Ashe shi ne sarkin yaƙi. Na gaya masa ni ne maharbi, telan kuma ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ana saura 'yan kwanaki in yi abin da na yi, Baba Ƙarami ya turo masa saƙo shi kaɗai. Ya roƙe shi ya yarda a ji wa sarkin yaƙi rauni a fita ta gaba, ya kwanta jinya a gidan mai masauki, a bar maharbi yana gadinsa.

Ya ce, "Cewa yay yi ɗana nika so ya gano mugun, shi kuma za ya sako kibiya. Ya ce kak in hwaɗa ma kowa, so yake ka yi murna."

Na sa masa gilashin. Sau biyu ina ɗora shi a karkace ina ɓarewa. Da ya miƙo kuɗi na ce ya bar shi, ya dage, na karɓa. Ya tafi, na ja ƙofar rumfa tun azahar ba ta yi ba.