Igiyar Tusekile

Shekara ashirin da shida Tusekile tana dafa wa surukinta abinci, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Haka muke a bakin tafkin nan na Karonga: matar ɗa ba ta kallon uban miji, ba ta kiran sunansa, ba ta shiga inda yake. In ta hango shi tafe, sai ta ratse cikin ayaba ta rufe kai da zane har ya wuce. Abin da ta sani na tsoho Mwambelo ƙafafunsa ne da tarinsa. Ni maƙwabciyarsu ce, darni ɗaya ya raba mu, kuma na sha yi mata tsiya a kan wannan kunya da matan yanzu suka daɗe da sassautawa.

Mijinta Gwakisa masunci ne. Tafki ya tafi da shi yana da shekara talatin, ko hoto bai bari ba. 'Ya'yan suka girma suka tafi birnin Mzuzu, gida ya rage daga ita sai tsohon. Magana tsakaninsu ta wajen kazar gida take bi.

"Ke kaza," in ji shi daga ɗaki, "gaya wa masu gidan nan tuwon rogon yau ya yi ruwa."

"Tukunya," in ji ta, "a gaya wa manya haƙoran ne babu, shi ya sa."

Daga baya kunnensa ya toshe. Shi yana ta aike, amsar kuwa tukunya kaɗai ke ji.

Tusekile mai mafarkin ido biyu ce. Tana shanya usipa, ƙananan kifin nan namu, sai ka ga hannunta ya tsaya, ta zuba wa duwatsun ƙetaren tafki ido. Wata rana na zungure ta.

"Ke, kin tafi ke nan? Ƙudaje sun gama rabon kifinki."

"Tsufar da Gwakisa nake yi," ta ce. "Kowace shekara ina ƙara masa furfura. Amma fuskar ta ƙi zama, 'yar'uwa. Da na kusa gamawa sai ta watse kamar inuwa a ruwa."

Ban sake tsokanarta ba ranar. Tausayi ya kama ni.

Ƙasarmu tana motsi, kowa ya sani. Babbar girgizar da aka yi a baya ta kwantar da gidaje, muka yi makonni muna zaune a gindin mangwaro. Bayan wasu shekaru malaman wata kwaleji suka kawo 'yan akwatuna da ba su fi sandar sabulu ba. Aka kafa su ƙauye-ƙauye, daga tsaunuka har bakin ruwa. Akwatin da ya fara jin motsin ƙasa sai ya sanar da sauran ta layin waya, ƙahon gargaɗi da aka ɗora a kan sanda ya yi kuka. Suka ce in abin daga nesa ya taso, za mu samu kamar ƙirga goma kafin ya iso. Muka yi dariya. Ƙirga goma ko zane ba a gama ɗaurawa.

Tusekile ba ta yi dariya ba. Ita aka ba aikin goge farantin hasken rana na ƙahon unguwarmu, tunda ba ta zuwa ko'ina. A gwajin farko kowa ya fito fili, ban da Mwambelo. Yana ɗaki yana saƙar kwando, bai ji komai ba. Ta yi kwana biyu tana murza igiya daga ɓawon ayaba, ta zura ta ta taga, ta ɗaure bakin a jikin turminta. Ni ta aika na ɗaura masa ɗaya bakin a ƙafa, na kwatanta masa da hannu: in an ja, ka fito.

"Ke kaza," ya ce, "ashe akuya na koma a gidana?"

Amma ya bari. Duk gwaji sai ta ja, shi kuma ya fito yana mita a ƙirga takwas, ita ta juya baya. Shekara biyu ana haka.

Ranar da abin ya zo da gaske, hantsi ne, tafki ya kwanta luf, ko ganye ba ya motsi. Ina shanya, tana daka. Ƙaho ya yi kuka, kuma ba ranar gwaji ba ce. Ta fizgi igiya. Sai ga damin tsagaggen gora ya faɗo ta taga. Tsohon ya kwance ƙafarsa ya ɗaure kayan saƙa da ita!

"Shiga!" na yi ihu ta kan darni. "Shiga, don Allah!"

Ta tsaya ƙirga ɗaya, biyu. Sai ta ja zane ta rufe fuska ta faɗa ɗakin. Da rufaffen ido ba ta same shi ba, na ji ta ture kwando, na ga zanen ya faɗo bakin ƙofa. Ta fito da baya tana jan sa da hannu biyu, fuska da fuska. Suna kaiwa tsakar gida girgizar ta iso. Ayaba ta yi ta rawa, turmi ya kife, bangon ɗakin ya zube a kan kujerarsa.

Da ƙura ta lafa, yana zaune a ƙasa yana haki, ita tana tsaye ba lulluɓi, ta kasa ɗauke ido. Tsohon ya kau da kai, ya nemi kaza, ya same ta a kan baraguzai.

"Ke kaza, gaya wa masu gidan nan ban ga kowa ba. Ƙura ta rufe mini ido."

Ta zagayo wajena da sauri. Na zaci tsoro ne, na riƙe ta.

"Na gan shi, 'yar'uwa."

"Wa?"

"Gwakisa. Ya tsufa. Ashe ta gefen kunne furfurar za ta fara. Ashe girar ba za ta canja ba." Hawaye ya zubo mata. "Shekara ashirin ina neman sa a kan tafki, yana nan taku goma daga turmina."

Na kakkaɓe zanenta na miƙa mata, ta rufe kai. Har Mwambelo ya rasu ba ta sake kallonsa ba. Na tambaye ta ko ba ta son ƙari, ta ce sau ɗaya ya isa, fuskar ta zauna.