Ƙahon Irmgard da Haƙoran Ewald

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na kwarin Barossa ya san Irmgard Kleinig. Gajeriya ce, amma in ta kira kajinta har bakin titi ana ji. Tana da shekara goma sha tara ta auri Berthold mai gonar inabi. Bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da 'ya'ya mata uku da tandar burodi a bayan gida, kuma da tandar nan ta raine su.

Kowace kaka, in an gama tsinkar inabi a watan Afrilu, ita ke gasa ƙahon albarka na ranar godiya a coci. Kwaɓin burodi take murɗawa kamar ƙahon rago, tsawonsa kamu biyu, a ajiye shi gaban bagade, wato teburin tsarki na coci, inabi da ɓaure da tuffa suna zubowa daga bakinsa. Ba mai taɓa shi sai an tashi sujada.

To, shekara shida a jere ana tarar da tsinin ƙahon a gutsure. Irmgard ta tare Ewald, ƙanin mijinta, wanda shi ke jan waƙa a coci, shi kuma ke riƙe da makulli.

"Ɓeraye ne, matar Yaya," in ji shi.

"Ɓeran nan mai sa kwat da hula? Ai na san shi tun yana da haƙoransa na gaskiya."

"Ke dai kin tsufa da zargi!"

A shekara ta bakwai sai ta dafa zuma da sukari har suka yi danƙo, ta ɗura a tsinin ƙahon, ta rufe da kwaɓi. Ranar Lahadi ta zauna a layin gaba da sabuwar hularta, ni ina gefenta.

Ana gab da farawa Ewald ya fito daga bayan bagade yana goge gemu. Fasto ya sanar da waƙar godiya, mai kiɗa ya soma kiɗa, kowa ya miƙe yana jiran Ewald. Ashe haƙoran robarsa na sama da na ƙasa sun manne. Ya yi, ya yi, baki ya ƙi buɗuwa. Gumi ya keto masa. Can sai ya rufe ido ya fara rera waƙar ta hanci.

Mu mutane ne masu bin na gaba. Coci gaba ɗaya muka rufe baki muka bi shi da "mmm", baiti huɗu cur. Irmgard kaɗai ke rerawa da kalmomi, da iyakar muryarta, tana kallonsa.

Da aka fito, Fasto ya kama hannun Ewald ya ce bai taɓa jin waƙa ta ratsa shi haka ba, a maimaita baɗi. Ewald ya gyaɗa kai kawai. Irmgard ta miƙa masa kofin ruwan zafi.

"Ungo, ƙanena. A jiƙa wa ɓera haƙoransa."

Wata guda ba ya gaishe ta. Yanzu ta haura tamanin, hannunta ba ya iya kwaɓi, shi ke zuwa ya kwaɓa mata tana zaune tana faɗa wai ya cika gishiri.