Na'am a Zauren Malam Labaran

A Ƙofar Gayan, in ka tambayi gidan Malam Labaran za a nuna maka zaure mai koren ƙyaure. In kuwa Batul ka tambaya, sai a ce maka, wai mai hawa tsani? Ita ce 'yarsa ta huɗu, kuma tun tana firamare aka san ta da kwance rediyon gida ta kasa mayarwa. Ta yi poli ta karanta kwamfuta, ta yi aure a Tukur-Tukur, ta haifi biyu, amma har yau ba ta rabu da tsanin nan ba. Aikinta haɗa wa makarantu da shaguna intanet: ta ja waya, ta kafa rauta, wato akwatin da ke raba intanet, ta bi lungu-lungu da hijabinta tana auna ƙarfin sabis. Mazan da suka fara yi mata dariya, su ne yanzu ke lallaɓowa nemanta in nasu aikin ya cije. Ba ta da yawan magana, amma in ta sa abu a gaba, ko mahaifiyarta ba ta iya tanƙwara ta.

Ita ta haɗa wa gidansu waifai. Gida ne na gado mai sassa bakwai, ginin ƙasa mai kaurin da sabis ba ya ratsawa, shi ya sa ta kafa rauta a cikin gida, ta ƙara wani ɗan akwati a tsakar gida yana miƙa sabis ɗin zuwa zaure. Don mahaifinta ta yi wannan wahalar. Shekara arba'in Malam Labaran yana ba da karatun littattafai bayan la'asar, kuma ɗalibansa magidanta ne, 'yan kasuwa da ma'aikata. Neman abinci ya watsa su, wani Abuja, wani Legas, wani Fatakwal, zauren ya koma mutum biyu ko uku. Batul ta haɗa masa kiran murya, ana jingina wayar salula da buta, karatu ya ci gaba.

To, karatun zaure yana da tafiyarsa. Malam ya karanta gaɓa ya fassara, ɗalibi ya ce "na'am", sannan ya wuce ta gaba. Haka ya ɗauka a wurin mahaifinsa, kuma ba ya ƙara kalma ɗaya sai ya ji an amsa. A nan matsalar ta ɓullo. Sai ya fassara ya yi shiru yana jira, babu amsa. Ya gaji ya ci gaba, sai ga na'am ɗin ta faɗo a tsakiyar maganarsa. Wata rana ma ba ta zuwa sam.

Tsoho bai san ruwan sabis ba, ladabi ya sani. Ya yanke a ransa cewa Rilwanu, ɗalibinsa na shekara ashirin da aiki ya kai Fatakwal, ya ajiye waya ne yana wata hidimar. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai faɗa wa kowa ba sai ranar da Batul ta zo gaishe shi.

"Batulu, ƙarshen watan nan zan rufe karatu," ya ce. "Na tsufa da yi wa bango fassara."

Kwana goma sha ɗaya suka rage a watan. Ba ta yi masa musu ba. La'asar uku a jere ta zo ta zauna a tsakar gida da kwamfutarta a cinya, tana kallon abin da ke shiga da fita. A rana ta uku ta kama ɓarawon. Ɗan baffanta Muntasir da abokan aikinsa ɗinkin hannu suke yi, kuma bayan la'asar ne haske ke yi wa zare kyau, don haka a lokacin suke ɗaukar bidiyon manyan riguna su tura wa masu saye. Hanyar da intanet ke bi ta fita daga gidan ƙunci gare ta. Muryar Malam da ta ɗalibansa sai su shiga layi bayan lodin bidiyon nan, kamar mai tafiya da ƙafa da ya biyo bayan amalanke a lungu.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinta. Ana iya sa wa murya tambari, ta yadda in ta iso rauta za a gane ta a ba ta hanya kafin sauran kaya. Aikin minti goma ne. Ta je ta durƙusa ta yi wa mahaifinta bayani tana murna, shi kuwa ya saurara har ta kai aya, sannan ya ce bai yarda ba.

Dokar zaurensa ce ta tare ta. Wanda ya riga zuwa shi ke fara karatu, ko waye shi. An taɓa yin wani babban ma'aikaci da ya zauna ya jira mai facin keke ya gama nasa shafin, har yau ana ba da labarin a unguwa. Malam ya ce mutumin da bai taɓa tsallakar da kowa layi ba, ba zai zo da furfurarsa ya tsallake na mutanen gidansa ba. Bidiyon Muntasir abincin iyalinsa ne, kuma haƙƙi ba ya ƙanƙanta don ido ba ya ganinsa.

Batul ta fito ranta a ɓace. Ita ke da makullin rauta, da ta ga dama ta sa tambarin ba wanda zai sani har abada. Ta tsaya a soro ta yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Amma 'yar Malam Labaran ce, taurin kan da ke ba ta haushi a wurinsa shi ne dai a jikinta. Tunda haƙƙin mutane ya hana shi, to za ta je wurin mutanen.

Sashe-sashe ta bi, kwana biyu tana abu ɗaya. Ta faɗa musu cewa tambarin ba sunan Malam ke jikinsa ba, na kowace murya ne da ta fita daga gidan. Murya ba ta da nauyi, jira ne kawai ba ta iyawa, bidiyo kuwa ko ya dakata ƙiftawar ido zai isa lafiya lau. Muntasir ya ce da ya san rigunansa ke shaƙe karatun Baba da tuni ya koma turawa da hantsi. Gwaggo Hajo, ƙanwar Malam, ta riƙe haɓa ta ce ashe shi ya sa muryar 'yarta da ke aure a Legas take zuwa gutsure-gutsure, ita da har ta fara cewa yarinyar ta koyi yanke wa manya magana. Gwaggon ce ta ja zuga har zaure, ta gaya wa yayanta cewa kowa ya yafe, kuma in shi ba ya so, ita tana so. Malam ya ce ya amince, da sharaɗin kada a bambanta muryarsa da ta kowa.

Batul ta sa tambarin. La'asar ta yi, aka jingina waya da buta, Malam ya karanta ya fassara, ya jira. Shiru. Na'am ɗin ta zo a makare kamar kullum. Malam ya rufe littafin da wuri, kuma wannan ya fi mata faɗa zafi. Ta koma Tukur-Tukur da kunya kamar ta nutse.

Washegari da safe ta dawo. Ta bi muryar taki-taki tun daga wayar har rauta, sai ta gano cewa laifin nata ne. Ɗan akwatin da ta kafa a tsakar gida tsohon yayi ne, bai san tambari ba, duk abin da ya bi ta cikinsa goge alamar yake yi ya cusa shi cikin layi. Ta cire shi. Ta ɗauko tsani da naɗin waya, ta bi saman katanga tun daga cikin gida, ta zagaye indararo, ta huda ƙasan azara ta shigar da wayar zaure, ta kafa sabon akwati a can. Kwana biyu aikin ya ci, rana na dukanta, matan gida na cewa ta sauko ta sha ruwa. Ranar da ta gama, kwana ɗaya ya rage a watan.

Ta tsaya a soro bayan labule, hannunta duk jar ƙasa. A cikin gida su Muntasir na tura bidiyonsu, don ta hana su dakatawa. Malam ya buɗe littafi ba tare da wani ɗoki ba, ya karanta gaɓar farko ya fassara.

"Na'am."

Bai ma rufe baki ba ta iso. Ya karanta ta biyu, aka amsa. Ta uku, aka amsa. Batul ta ji muryar mahaifinta tana warwarewa, tana komawa irin wadda ta tashi tana ji daga tsakar gida. Ya wuce inda ya saba tsayawa da shafi guda bai lura ba. Sannan ya dakata, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Rilwanu, ka yafe mini. Na zarge ka a raina, na ɗauka ka daina saurare."

"Allah ya gafarta Malam," in ji Rilwanu, "wallahi ban taɓa barin gaɓa ɗaya ban amsa ba."

Malam ya ɗauki ɗan tsinken da yake alama da shi ya sa a shafin, ya ce wa ɗalibansa jibi ɗaya ga wata, daga nan za a tashi. Batul ta goge idonta da gefen hijabi, ta je ta naɗe sauran wayar ta mayar da tsanin inda ta ɗauko shi.